Sunan da Aka Kai Kotu: Tarihin Jar Giyar Châteauneuf-du-Pape

Shekara biyu da suka wuce, wasu 'yan kasuwa masu sayar da kayan gona ta intanet suka ba ni aikin rubuta musu manhaja. Kowane kaya na ware masa gurbin suna, da na nauyi, da na farashi, sai wani gurbi da na kira "asali", inda mai kaya zai rubuta garin da kayansa suka fito. Ba a yi wata guda ba na lura kusan duk albasar da aka ɗora ta zama 'yar Galmi. Kwamfuta ba ta musu, abin da aka rubuta mata shi take nunawa. Mai saye ya biya kuɗin suna, manomin Galmi na gaskiya kuma bai ma san an yi ciniki da sunansa ba.

Wannan ne ya sa na shiga neman waɗanda suka fara fuskantar matsalar da gaske: ta yaya sunan gari a jikin kaya zai zama abin dogaro? Binciken ya kai ni inda ban zata ba, wani ƙauye a kudancin Faransa mai mutum kusan 2,000, da jar giyar inabin da ake yi a can.

Gara in faɗa tun da wuri: ni ba mashayi ba ne, addinina ya haramta giya, kuma wannan rubutu ba talla ba ne. Abin da zan ambata game da ɗanɗanonta, abin da masu sana'ar suka haɗu a kai ne. Dalilin ɗauko labarin shi ne, dokar da manoman wannan ƙauye suka yi fafutukar kafawa saboda giyarsu, irinta ce yau take kare cuku da man zaitun a Turai, har ta iso kan kilishi.

Ƙauyen da Fafaroma ya yi wa gini

Sunan ƙauyen Châteauneuf-du-Pape, ana furta shi kamar "Shatonaf du Pap", ma'anarsa kuwa sabuwar fadar Fafaroma. Yana kusa da Kogin Rhône, kimanin kilomita 12 arewa da birnin Avignon.

A shekarar 1305 aka zaɓi wani Bafaranshe, shugaban cocin Bordeaux, ya zama Fafaroma Clement na Biyar. Rikicin siyasar Italiya da matsin lambar sarkin Faransa suka hana shi zama a Roma, a 1309 ya sauka a Avignon. Fafaroma bakwai a jere suka yi mulki daga can, ba a koma Roma ba sai a 1377.

Wanda ya gaji Clement, wato Fafaroma John na 22, ya taɓa zama bishop na Avignon, ƙauyen kuma yana cikin ƙasar bishop ɗin. A 1317 ya sa aka fara gina masa fada a kan tudun ƙauyen, aka gama a 1333, shekara guda kafin mutuwarsa. Giyar ƙauyen ta shiga cikin kayan da ake kai wa fadar Avignon, amma ba ita ce 'yar gaban goshi ba. Manyan fadar sun fi son ta yankin Burgundy, har marubucin nan na Italiya, Petrarch, ya yi musu gori cewa son giyar Burgundy na cikin abubuwan da suka hana su komawa Roma.

Da Fafaroma ya tafi, ƙauye ya koma ƙauyensa. Ɗaruruwan shekaru ana kiransa Châteauneuf-Calcernier, saboda farar ƙasar gini da ake toyawa a wurin. Sai a 1893 hukuma ta amince a maƙala masa "du-Pape". Ke nan sunan da mai saye yake gani kamar ya shekara ɗari bakwai, a takarda shekarunsa ɗari da talatin ne da 'yan kai. Haka yawancin abin da ake kira al'adar wannan giya yake: tsohon tushe ne, amma sabon rubutu.

Dutse, rana da iska

Wanda ya fara ganin hoton gonakin sai ya rantse ba abin da zai fito a wurin. A wasu sassan ba a ganin ƙasa ko kaɗan, sai mulmulallun duwatsu a shimfiɗe, daga girman dunƙulen hannu zuwa abin da ya fi haka. Tsohon Kogin Rhône ne ya gangaro da su daga tsaunukan Alps tun kafin tarihi, ya goge su, ya bar su a nan. Suna shan zafin rana su riƙe shi har dare, suna kuma hana damshin ƙasa tsotsewa. A ƙarƙashinsu akwai jan yumɓu mai riƙe ruwa, can saiwar inabi take nutsawa ta samu abin sha a lokacin bazara. Ba duk yankin ne haka ba, akwai gonaki masu yashi, akwai masu farin dutse, kowacce da irin giyar da take bayarwa.

Sai iska. Suna da wata iska mai suna mistral, mai sanyi da bushewa, da ke taso wa daga arewa ta bi kwarin kogin, tana kaɗawa fiye da kwana ɗari a shekara, wani lokaci gudunta ya haura kilomita 100 a awa. Tana karya rassa, amma tana busar da ganye bayan ruwan sama, ta hana funfuna kama inabi. Saboda ita ne ake datse yawancin itatuwan su zauna gajeru, a dunƙule kusa da ƙasa, ba tare da an ɗaura su a waya ba.

Irin inabin da ya fi jure wannan wuri shi ne Grenache, ɗan asalin ƙasar Sifen, wanda ya mamaye kusan kashi 70 cikin ɗari na gonakin. Yana son rana, yana jure fari, yana tara sukari da yawa, amma ɓawonsa ba shi da kauri, don haka launinsa ba ya yin duhu sosai. Shi ya sa ake haɗa shi da Syrah mai ba da launi da ƙamshin masoro, da Mourvèdre mai ba da bauri da ƙarfin daɗewa a kwalba.

Ƙwaron da ya zo daga Amurka

A wajen 1863, a garin Pujaut da ke tsallaken kogin, itatuwan inabi suka fara yin rawaya suna bushewa ba tare da an ga dalili ba. A 1866 abin ya iso Châteauneuf. Manomi zai tono mataccen itace ya ga saiwar ta ruɓe, amma ba ya ganin abin da ya ci ta. Sai a watan Yulin 1868 wani masanin tsirrai na Jami'ar Montpellier, Jules-Émile Planchon, shi da abokan aikinsa biyu, suka tono itacen da bai mutu ba tukuna. A jikin saiwarsa suka tarar da ƙananan ƙwari masu launin rawaya, kowanne bai kai girman ƙwayar gero ba, suna tsotsar ruwanta. Ƙwaron yana barin itace kafin ya mutu, shi ya sa masu duba gawa ba su taɓa kama shi ba. Duk mai gyaran manhaja ya san irin wannan: inda matsala ta bayyana daban, inda ta faro daban.

Sunan ƙwaron phylloxera. Ɗan asalin gabashin Amurka ne, ya shigo Turai a jikin itatuwan inabin da masu sha'awar tsirrai suka yi odarsu. Gwamnatin Faransa ta sa ladar faran 300,000 ga duk wanda ya samo magani. An gwada komai: an yi wa ƙasa allurar guba, an cika gonaki da ruwa na tsawon makonni a lokacin sanyi, wasu har kwaɗo suka binne da rai a gindin itace. Ba wanda ya karɓi ladar. Giyar da Faransa ke yi ta faɗo daga kimanin lita biliyan 8.4 a 1875 zuwa biliyan 2.3 a 1889.

Maganin ya fito daga inda cutar ta fito. Inabin daji na Amurka ya daɗe yana zama da wannan ƙwaro, saiwarsa ta saba da cizonsa. Matsalar ita ce 'ya'yansa ba sa ba da irin giyar da Faransawa ke so. Sai aka koma ga aure, irin wanda masu lambu ke yi wa mangwaro da lemo: gindi na Amurka, reshe na Faransa. Da yawa sun ƙi, suna ganin abin kunya ne, amma yunwa ta fi ƙarfin girman kai. Wani masanin inabi na jihar Texas, T. V. Munson, ya taimaka wajen gano nau'in da ke jure ƙasa mai farin dutse, Faransa ta ba shi lambar girma a 1888.

A Châteauneuf, wanda ya ja gaba shi ne Joseph Ducos, tsohon hafsan soja mai gonar Château La Nerthe. Ya sake dasa gonarsa da itatuwan aure, ya yi ta gwajin irin inabin da ya dace a haɗa da wani, kuma a zamanin da yake magajin gari ne aka sauya sunan ƙauyen. Har yau kusan duk itacen inabin da ke Faransa a kan saiwar Amurka yake tsaye.

Zamanin algus

Da inabi ya yi ƙaranci, ƙishirwar mashaya ba ta ragu ba, sai kasuwa ta cike giɓin da ha'inci. Ana shigo da zabibi daga Girka da Turkiyya a jiƙa shi a ruwa a tsima. Ana zuba sukari da ruwa a kan tuƙar inabin da aka riga aka matse, a sake tsimawa. Wasu na ƙara rini don launi ya fito. Abin ya kai a 1889 sai da majalisa ta yi doka tana fayyace mene ne giyar inabi: abin da aka samu daga tsimar da ɗanyen inabi, ba wani abu ba.

A daidai lokacin, Turawan da suka mamaye Aljeriya suka ga dama. Suka dasa inabi a filayen da aka ƙwace daga 'yan ƙasa, har gonakin suka kai kimanin hekta 400,000 a shekarun 1930. Ƙasar da mutanenta Musulmi ne ta zama wadda ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi, 'ya'yanta kuma su ne 'yan ƙwadagon gonakin.

Da gonakin Faransa suka farfaɗo, sai giya ta yi yawa: ga ta gida, ga ta Aljeriya, ga ta jabu. Farashi ya karye warwas. A 1907 manoman yankin Languedoc, maƙwabtan Châteauneuf ta yamma, suka yi bore. Ranar 9 ga Yuni mutum fiye da rabin miliyan suka cika titunan Montpellier. Bayan kwana goma sojoji suka buɗe wuta a Narbonne, aka rasa rayuka, wata runduna kuma ta yi tawaye ta ƙi juya wa 'yan'uwanta bindiga.

Châteauneuf ta sha cuta ta fuska biyu. Dillalai na sayen giyarta mai ƙarfi a ganga su kai arewa, su zuba a cikin giyar Burgundy da ta yi rauni, su sayar da sunan Burgundy. Har laƙabi suka yi mata, giyar magani. A gefe guda kuma wasu na kwaso inabi mai araha daga wasu garuruwa su matse a ƙauyen, su sayar da sunan Châteauneuf. Kayanta na tafiya da sunan wani, kayan wani na tafiya da sunanta.

Lauyan da ya gindaya sharaɗi

Pierre Le Roy de Boiseaumarié, wanda aka fi sani da Baron Le Roy, an haife shi a 1890. Ya karanta shari'a a Montpellier, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a matsayin matuƙin jirgin yaƙi. A 1919 ya auri 'yar gidan da suka mallaki gonar Château Fortia, ya zama manomin inabi ta hanyar aure. Manoman ƙauyen suka ga sun samu lauya a gida, suka je suka roƙe shi ya tsaya musu. An ruwaito cewa ya amsa, amma da sharaɗin su fara gyara nasu halin, su zama abin misali wajen gaskiya, kafin su kai wani ƙara.

A wannan shekara ta 1919 an yi dokar da ta ba kotu ikon yanke wanda ya cancanci amfani da sunan wuri. Sai dai a aikace iyakar ƙasa kawai ake dubawa. Idan gonarka na cikin iyaka, kana iya dasa kowane irin inabi, ka cika shi da ruwa, ka matse har da ruɓaɓɓe, sunan naka ne. Abin da Le Roy ya gane shi ne, maƙiyin suna ba baƙo ne kaɗai ba, har da ɗan gida mai son banza.

A 1923 suka kafa ƙungiyar manoma, suka rubuta wa kansu ƙa'idoji: ina ne iyakar ƙasar, wane inabi aka yarda a dasa, wane ƙarfi giya za ta kai, da wajabcin ware ɓatattun 'ya'ya. Daga nan suka shiga kotu don ƙa'idojin su hau kan kowa, da wanda ya yarda da wanda bai yarda ba. Shari'ar ta ci kusan shekara goma, sai a 1933 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin.

Le Roy ya haɗa kai da wani sanata daga yankin Bordeaux, Joseph Capus, suka mayar da tsarin ƙauye na ƙasa baki ɗaya. Ranar 30 ga Yulin 1935 aka kafa abin da Faransawa ke kira Appellation d'Origine Contrôlée, a taƙaice AOC, wato sunan asali da hukuma ke sa wa ido, tare da kwamitin ƙasa mai kula da shi. Ranar 15 ga Mayun 1936 aka fitar da sunaye shida na farko: Arbois, Cassis, Cognac, Monbazillac, Tavel da Châteauneuf-du-Pape. Le Roy ya shugabanci hukumar daga 1947 har mutuwarsa a 1967.

Kalmar ƙarshe a sunan tsarin, ta sa ido, ita ce zuciyar al'amarin. A aikinmu, ƙa'idar da ba a rubuta mata gwaji ba fata ce kawai. Su ma sun gane haka: bayan rubuta doka, sai an samu mai shiga gona ya ƙirga, mai auna abin da ke cikin tanki, da mai ikon ƙwace suna daga wanda ya saɓa.

A 1937 manoman suka fito da kwalba ta musamman, da hular Fafaroma da makullai biyu a ƙere a jikin gilashin, don takarda ana iya buga ta jabu cikin sauƙi, gilashi kuwa sai an sha wahala. Ita kuwa fadar da ta ba su sunan, sojojin Jamus sun tarwatsa rabin hasumiyarta a watan Agustan 1944 suna janyewa. Rabin da ya tsira yana nan tsaye a kan tudun.

Daga gona zuwa kwalba

Yau ƙasar da ke da ikon amfani da sunan kimanin hekta 3,200 ce, a garuruwa biyar: Châteauneuf-du-Pape, Bédarrides, Courthézon, Orange da Sorgues. Dokar 1936 ta amince da irin inabi goma sha uku. A 2009 aka ƙirga launukan wasunsu daban-daban, adadin ya zama goma sha takwas. Ba a tilasta wa kowa yawan abin da zai zuba na kowane iri ba. Gidan Château Rayas da Grenache zalla yake yin jar giyarsa, gidan Château de Beaucastel kuma duk goma sha ukun yake nomawa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ake yi ja ne, saura fari.

Hekta guda ba za ta ba da fiye da lita 3,500 ba. Dalili shi ne, itacen da aka bari ya yi 'ya'ya barkatai, ɗanɗanonsu kan yi salam. Girbi kan kama a watan Satumba, kuma dole da hannu, ba a yarda da inji ba. Dole ne kuma a tsince, a ware aƙalla kashi biyu cikin ɗari, waɗanda suka ruɓe ko ba su nuna ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ruwan baƙin inabi fari ne. Launin a ɓawo yake. Don haka idan an farfasa 'ya'yan, sai a zuba su cikin tanki, ruwa da ɓawo da ƙwallo gaba ɗaya, wasu gidajen har da tsinken curin. Yis, ɗan'uwan wanda ke kumbura burodi, yana cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iska. Louis Pasteur, wanda ya girma a Arbois, shi ne ya tabbatar da cewa wannan aikin halittu masu rai ne. Kimanin giram 17 na sukari a lita ke ba da kashi ɗaya na barasa. Dokar ta ce giyar ba za ta gaza kashi 12.5 cikin ɗari ba, kuma ba a yarda a ƙara sukari ba, sai wanda rana ta dafa a jikin inabin.

Iskar da ke tashi tana turo ɓawon sama ya yi kauri, sai a riƙa danna shi ƙasa, ko a janyo ruwan daga gindi a kwarara a kansa. Haka ake yi na mako biyu zuwa huɗu, ruwan na tsotsar launi da bauri. Sannan a tace, a matse tuƙar, a ajiye giyar ta kwanta, galibi shekara guda ko fiye. Grenache ba ya son shan iska da yawa, don haka an fi ajiye shi a tankin siminti ko a tsofaffin manyan gangunan katako masu cin dubban lita, ba ƙananan sabbin gangunan da aka san Bordeaux da su ba. A ƙarshe mai gida ya zauna ya ɗanɗana tanki-tanki, ya yanke yadda zai gauraya.

Halinta, da abin da ake ci da ita

Masu sana'ar na kwatanta ta da giya mai jiki da ɗumi. Barasarta kan kai kashi 14 zuwa 15, wani lokaci fiye, tsaminta kuma kaɗan ne. Tana ƙuruciya ana jin ƙamshin jajayen 'ya'yan itace da suka nuna luguf, da masoro, da ƙamshin tsirran dajin yankin, su tayim da lavanda, waɗanda rana ke gasawa a tsakanin duwatsu. Idan ta shekara goma ko ashirin a kwalba, launinta ya koma na jan bulo, ƙamshin ya koma na busasshen ɓaure, da zabibi, da jemammiyar fata. Wadda ta fito daga yashi ta fi laushi, ta kan duwatsu ta fi nauyi.

Baurin nata daga wani sinadari yake, dangin wanda ke cikin goro da ganyen shayi da bagaruwar majema. Yana manne wa furotin, shi ya sa yake busar da baki. Idan akwai nama da kitse a bakin, sai ya manne musu ya bar harshe. Wannan shi ne dalilin da ya sa Faransawa ke haɗa ta da abinci mai nauyi, kuma abincin yankin nata ne.

Na farko cinyar ɗan rago, a soka mata tafarnuwa, a barbaɗa tayim, a gasa a tanda. Sai daube, wato naman sa da ake jiƙawa a jar giya a kwana, a dafa shi awanni a tukunyar ƙasa kan ƙaramar wuta, da tafarnuwa da karas da ɓawon lemo. A lokacin farauta akwai zomo da makwarwa da aladen daji. Da sanyi kuma akwai wani baƙin naman kaza mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, wanda kasuwarsa ke ci ranar Asabar a Richerenches, arewa da ƙauyen. A rufe da cuku mai ƙarfin ɗanɗano. Abin da suke guje wa shi ne kifi mai laushi, don giyar na danne shi, da barkono mai yawa, don barasa na ƙara rura zafinsa. Suna kuma shan ta da ɗan sanyi, wajen digiri 16 zuwa 18, saboda idan ta yi ɗumi barasar ce kaɗai ke fitowa.

Wa dokar ta kare?

Ta kare mai saye, wannan gaskiya ne. Amma ta fi kare mai gona. Layin da aka ja a taswira ya sa gonar da ke ciki ta ninka ta waje daraja, ko da hanya ce kawai ta raba su. Matashin da bai gaji fili ba da wuya ya iya saye a yau. Masu tsinkar inabin da hannu, da yawansu 'yan ci-rani daga Sifen da Maroko, sunansu ba ya jikin kwalba. Kuma ɗaya daga cikin abubuwan da tsarin ya yi shi ne gina katanga tsakanin giyar manyan yankunan Faransa da ta Aljeriya mai araha. Bayan Aljeriya ta samu 'yanci a 1962, Faransa ta rage saye, gwamnatin sabuwar ƙasar ta tumɓuke gonaki masu yawa.

Akwai kuma abin da dokar ba ta hango ba. An rubuta ta ne don hana a sayar da giya mai rauni, yau kuwa matsalar ƙarfi ce ta yi yawa. Zafi ya ƙaru, girbi ya matso gaba da mako biyu zuwa uku idan aka kwatanta da tsakiyar ƙarnin da ya wuce, sukari na taruwa da wuri. Abin da ke ceton wasu manoman shi ne waɗancan ƙananan irin da ke cikin jerin goma sha uku, irin su Counoise da Vaccarèse, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon cikon benci. Ba sa tara sukari kamar Grenache, suna riƙe tsami. Da masu rubuta dokar sun tsaya kan iri ɗaya, da jikokinsu ba su da wurin juyawa.

Tsarin bai tsaya kan giya ba. A 1990 Faransa ta buɗe shi ga sauran kayan gona, a 1992 Tarayyar Turai ta ɗauki irinsa. Hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke cikinta, ta yi rajistar farko a 2013, ciki har da masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru. Daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu irin wannan rajista.

Takardar shaida ita ce ɓangare mai sauƙi. Abin da ya ɗauki mutanen Châteauneuf shekara goma sha uku, daga 1923 zuwa 1936, shi ne amincewa su ɗaure kansu: su rage abin da suke girbewa, su zubar da wani abu daga amfanin gonarsu, su bar baƙo ya shiga rumbunsu ya auna. Da na koma kan manhajata, na raba gurbin "asali" gida biyu: abin da mai kaya ya faɗa, da wanda ya tabbatar. Gurbi na biyun har yanzu a yawancin kayan fanko yake, kuma ba ni ne zan cike shi ba, sai ranar da masu noman suka zauna suka rubuta tasu ƙa'idar, suka naɗa wanda zai duba.